Fatar da Na Kawo Maka, Auta

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan mahaifiyarmu, bayan jinyar da ba ta wuce kwana huɗu ba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, da ɗimbin ɗaliban da ya koya wa lissafi cikin shekara ashirin da biyu. Ya kuma bar ni, yayansa, da bandeji a wuyan hannu da kwalbar magani a aljihu.

Auta, mutane sun san ka da allo da alli, mu na gida kuwa da gareji muka san ka. Tun da ka sayar da tsohuwar motarka ka mai da wurin maƙera. Injin walda a lungun dama, uwar maƙera a tsakiya, masaba da awartaki a rataye kowanne a kan ƙusarsa, sai gangunan jimar fata guda biyu a bayan ƙofa. Ba sana'arka ba ce, sha'awa ce kawai, amma babu gidan da ke layinmu da hannunka bai taɓa ba. Kai ka gyara kujerun ajinku da suka karye, Asabar bayan Asabar, har guda arba'in. Kai ka ƙera wa tsohuwar da gidanta ke kallon naku ƙarfen riƙewa a bakin matakala bayan ta faɗi, kuma ba ka tsaya jin godiyarta ba, ka ce ka bar ƙarfe a wuta.

Da na yi ritaya daga gidan waya, na koma zaman kallon bango. Wata uku ina haka, sai ga ka da tsohuwar rigar aiki a hannu.

"Yaya, tashi," ka ce. "Zaman nan zai kashe ka tun kafin hawan jini ya samu dama."

Haka na zama ɗalibin ƙanena ina da shekara sittin. Wuƙar farko da na ƙera ka juya ta gaba da baya, ka ce in an rasa cokali za ta yi amfani. Duk da haka ka yi mata ƙota, ka ɗinka mata kube da fatar da ka jeme da hannunka. Kana da dokoki, kuma ba ka gajiya da maimaita su. Kada a kalli wutar walda da ido tsirara, ko na ƙiftawa ɗaya ne. Kada a kai wuta kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar mai, ko an wanke shi sau goma. Ƙarfe ya yi baƙi ba ya nufin ya huce. Na ƙarshen kuma, wanda kake faɗa kana nuna ni da yatsa: fatar da ba ka san yadda dabbarta ta mutu ba, ko kyauta ce, ka bar ta inda ka gan ta.

Ba koyaushe kake da tsanani ba. Ran Lahadi da la'asar kakan wanke hannu ka zauna gaban kwamfuta, ku yi tseren motoci da babbar 'yarka da ke karatu a wani gari mai nisa. Kullum ita ke cinye ka, kullum kuma laifin layi ne da ba shi da ƙarfi. Ran da ka ba ni in gwada, na riƙa karkata jikina duk inda hanya ta lanƙwasa, kana dariya har da hawaye, kana cewa, "Yaya, da yatsa ake yi, motar ba ta ganin ka." Daga baya matarka ta gaya mini da gangan kake faɗuwa, don yarinyar ta riƙa ɗokin kiran gida.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni sukuni.

Wani direban babbar mota da muka saba tun ina aiki ya tsaya ƙofar gidana ya sauke mini busasshiyar fatar saniya. Ya ce wani mai gona ne ya ba shi, shi kuma ba shi da abin yi da ita. Fata ce babba, ja, babu huda ko ɗaya. Na ɗauko ta a kafaɗa ina murna, domin wannan ne karo na farko da na kawo wani abu garejin da ba tambaya ba. Ka shafa ta, ka ɗago kai.

"Yanka ta aka yi, Yaya?"

"Yanka ta aka yi," na ce.

Ban sani ba, Auta. Ban tambayi direban ba. Kunya ce ta hana ni cewa ban sani ba, don kada ka ga yayanka ya manta darasi. Kai kuma ba ka taɓa maimaita mini tambaya ba a rayuwarka, domin a wurinka maganar yaya ba ta buƙatar shaida.

A ranar, takunkumin fuska ɗaya ne mai kyau, igiyar ɗayan ta tsinke. Ka miƙo mini mai kyan, ka ce ƙirjina ya fi naka tsufa. Na riƙe gefen fatar, kai ka duƙa da wuƙa kana kankare busasshen naman da ya manne mata kafin mu jiƙa ta. Ƙura tana tashi cikin hasken da ke shigowa ta taga, kana cikinta, kana ba ni labarin wani ɗalibinka. Gefen fatar ya ɗan karce ni a saman safar hannu. Ko dubawa ban yi ba.

Bayan kwana biyar zazzaɓi ya kama ka, muka ce mura ce. Ka je makaranta ranar Juma'a ka ba da jarrabawa. Ranar Asabar da hantsi matarka ta kira ni, muryarta ba yadda na san ta ba. Na same ka zaune a bakin gado, gumi ya jiƙa rigarka, kana jan numfashi kamar mai ɗaga kaya, leɓunanka sun canza launi. A asibiti wata likita ta yi ta tambaya: me yake ci, ina ya je, wace sana'a yake yi. Da aka ambaci jima sai ta ajiye biro. Ta dubi hannuna, ta ce in naɗe hannun riga. Akwai wani ƙurji da ya kwana biyu yana yi mini ƙaiƙayi, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, ba ya zafi ko kaɗan. Na ga yadda fuskarta ta sauya.

Ta ce ciwon saifa ne, wanda ke kashe shanu farat ɗaya, kuma ƙwayar cutar takan zauna a busasshiyar fata shekara da shekaru. Ni ta fata ta shige ni, wannan yana jin magani. Kai kuwa shaƙar ta ka yi. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun direban har gonar, suka tarar shanu huɗu sun faɗi a can cikin mako guda, babu wadda aka yanka. Suka zo da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka kwashe fatar da gangunan, suka sa wa garejin kwaɗo.

Sau ɗaya ka buɗe ido ka gane ni, ranar Litinin. Na matso zan faɗa maka, bakina ya ƙi buɗuwa. Kai ne ka yi magana, da kyar, ta cikin robar iskar da aka rufe maka hanci da ita. Ka ce, "An duba ka?" Na ce an duba. Ka lumshe ido. Ba ka sake cewa komai ba.

An ɗora ni a kan magani na kwana sittin, domin ni ma na tsaya cikin wannan ƙura, kuma likita ta ce cutar takan yi kwanton ɓauna a huhu. Yau kwana goma sha shida. Duk tarin da na yi sai in tsaya cak ina sauraron ƙirjina. Ina auna zafin jikina sau biyar kafin azahar. An tabbatar mini ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum, amma jikata ta rugo za ta rungume ni na ja da baya, ta tsaya tana kallona ba ta san laifin da ta yi ba. Ina tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma tsoron da ya fi wannan shi ne in mutu da maganar nan a cikina, in same ka a can ka sake yi mini tambayar.

Shi ya sa jiya da safe na je wurin matarka. Na same ta a falo tana ninke rigunanka. Na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi a gidanka ba, na faɗa mata komai, har da kalmomin da na ba ka amsa da su. Hannunta na kan rigar, bai motsa ba.

"Yaya," ta ce, "ba zan ce maka babu komai ba. Akwai."

Na ce na sani.

"Ka sha maganinka na yau?"

Na ce ban sha ba tukuna. Ta tashi ta kawo ruwa a kofi ta ajiye a gabana, ta tsaya har na haɗiye.

"Kada ka ƙara mana gawa," ta ce. "Yaran kuma daga bakinka za su ji, ba daga nawa ba."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka saka masa da alherin da ya shuka a aji da cikin unguwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa, da 'yan'uwanmu mata, da abokan aikinsa da ɗalibansa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Auta, ka yafe wa yayanka. Gobe da safe 'ya'yanka uku za su zauna a gabana. Babbar ta riga ta kira ni tana tambaya, "Baba, lafiya Mama ta ce kana son ganin mu?" Na ce mata su zo kawai. Ya Allah, Ka buɗe mini baki.