Gawar Abdulƙayyum Ta Dawo a Zaune

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya kafa duwatsu, ya tsaga hanyoyi a tsakaninsu, kuma ya san kowane bawa da sunansa ko da bawan ya ɓoye shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin Abdulƙayyum ne, ɗan marigayi Gulam Nabi mai fataucin gashin awaki a unguwarmu ta bayan masallacin Leh, garinmu da ke can cikin duwatsu masu ƙanƙara. Ni na raɗa masa suna, a gabana kuma ya fara karatu, bai wuce ƙananan surori ba ya gudu. Tun yana ƙarami ba shi da wata baiwa sai iya gane abin da mutum yake son ji.

Da samarin Turai suka fara cika gari, kowa da jaka a baya wadda ta fi shi girma, ba wanka ba wanki, sai ya sayar da gonar sha'ir da ya gada ya sayi babur. Aikinsa shi ne ya shige gaba, su bi shi a jere kan babura na haya, ya haura da su dutsen Khardung La ya gangara kwarin Nubra. Bai daɗe ba ya lura cewa mutanen nan ba su ƙetaro duniya don su bi bayan wani Abdulƙayyum ba. Mai bin addinin Buddha suke nema. Sai ya aske gemu, ya ɗaura tutocin addu'ar masu wannan addini a kan babur, ya ce sunansa Rigzin, wai a gidan ibada na kan dutse ya girma. In sun kai ƙololuwa ya watsa garin sha'ir sama, ya lumshe ido yana gunguni, su kuma suna ɗaukar hoto suna share hawaye.

Abokansa a kasuwa sukan tare shi: "Malam Rigzin, yau wane addini ake ciki?"

"Na wanda ya biya," in ji shi, ko kunya.

Mahaifiyarsa, Ama Zulaiha, abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Na ji ta da kunnena tana ce masa, "Kai, ɗan nan, in ka mutu a bayan dutsen can wa zai san nawa ne kai? Ƙona ka za su yi!"

Ya kurɓi shayinsa na gishiri ya ce, "To, Ama, ai sai na huta da sanyi."

Ajalinsa ya same shi a ƙarshen kaka, kusa da wani ƙauye a Nubra. Wata baƙuwa ta so hoto, sai ya miƙe tsaye a kan babur yana tafe, ya saki kan babur ya haɗa tafukansa a ƙirji. Tayar gaba ta taka ƙanƙara ta zame, ya faɗi bai tashi ba. Baƙin suka yi kukansu, suka shaida wa mutanen ƙauyen cewa Rigzin ya rasu, suka nemi mota suka wuce. Mutanen ƙauyen ma da wannan suna suka san shi, don shekaru yana sauke baƙi a wurinsu. Suka ɗauke shi da mutunci, suka naɗe shi a zaune kamar yadda suke yi wa matattunsu, suka fara masa karatu kafin ranar ƙonawa.

Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, labari bai iso Leh da wuri ba. Da ya iso, Ama Zulaiha ta zo ƙofata ba takalmi, tana kirana Meme, yadda ake kiran dattijo a wajenmu. "Meme, ka ɗauko min shi. Ko a wane hali yake ina so, amma kada a kawo min toka."

Muka tafi da ƙaninta a motar kaya. Muka tarar an riga an tara itace, abin da yake da tsada a wajensu. Mai garin, Tsewang, ya karɓe mu da shayi, amma ya ƙi.

"Dattijo, mutumin nan ya ci abincinmu, ya rusuna a ɗakin ibadarmu. Ba za mu miƙa mamacinmu don baƙo ya zo da magana ba. Za ka rantse cewa a kan addininku ya mutu?"

Ban rantse ba, domin na san sunan da aka raɗa masa, amma abin da ya rage a zuciyarsa ban sani ba, rantsuwa kuwa ba a yin ta a kan zato.

Sai tsohon limaminsu, Meme Funtsog, wanda ya yi kwanaki yana karatu a kan gawar, ya fashe da dariya har yana tari.

"Tsewang, ba su kayansu. Wannan ba namu ba ne. Katangar addu'a ta bakin gari, ko jaririnmu ya san a dama ake barinta. Shi in yana tare da baƙi ya bi daidai, in shi kaɗai ne ya bar ta a hagu ya yanke kamar jaki ya hango gida. Gungunin da yake musu kuwa, rabinsa waƙar biki ce."

"Ka sani, amma ka zauna kana masa karatu?" in ji Tsewang.

"To, in bar shi a kan hanya? Ba wanda ya zo nemansa."

Haka aka ba mu shi, ba don na tabbatar namu ne ba, sai don sun tabbatar ba nasu ba ne. Sanyi ya riga ya sandarar da shi yadda aka naɗe shi, don haka a zaune ya haura dutsen ya shigo Leh, jingine da buhunan dankali. Wurin wanka sai da muka yi ta zuba ruwan ɗumi kafin gwiwoyinsa suka yarda suka miƙe.

Wasu a unguwa suka ce ba za su sallace shi ba. Na ce musu ba wanda ya taɓa jin ya ƙaryata Ubangijinsa. Abin da za mu iya shaida a kansa ƙarya ce da kwaɗayi da rashin kunya, waɗannan kuwa ba sa hana salla, da suna hanawa da maƙabartarmu ta yi fili. Sahu biyu ba su cika ba. Muka rufe shi kusa da mahaifinsa, fuskarsa ga alƙibla. Da na koma na shaida wa Ama Zulaiha, tambaya ɗaya ta yi: "A kwance?" Na ce a kwance.

Ya Allah, ga bawanka Abdulƙayyum, ya zo maka ba da wani abin kirki da muka sani ba. Kai ka san abin da ba mu sani ba. Ka ji ƙansa, ka yafe masa, ka dubi hawayen tsohuwar da ta haife shi. Amin.