Estella Garae da Aladen Sulhu

Kafin rana ta yi zafi, Estella Garae ta riga ta rataya jaka ta kama hanyar tudu, tana leƙa aladun mutane gida-gida a tsibirinmu na Ambae. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, kuma a watan nan take ajiye aiki. Ni kam ba zan bari ta tafi shiru ba!

Na ga aikinta da idona a gidan tsoho Tari, can kan tudu. Shekaru ya yi yana kiwon wani alade mai haure, har hauren ya lanƙwashe ya kusa zama zobe. A wurinmu, irin wannan haure shi ne darajar alade. Shi zai miƙa wa dangin Vuti ranar sulhu, don a kashe rikicin gona da ya raba gidajen biyu. Su kuwa sun ce lafiyayye suke so, ya shigo fili da ƙafarsa.

Gudun kada haure ya karye, Tari ya ɗaure alade, ba kiwo, ba tonon ƙasa, sai dakakken rogo da kwakwa. Ana nan aladen ya fara tafiya yana cilla ƙafafun baya kamar soja a fareti, daga baya ya zube.

"Jifa ne," in ji Tari. "Aikin mutanen Vuti ne." 'Ya'yansa har sun fara wasa adduna.

Estella ta duba alade, ta kwashe da dariya. "Kawu, in jifa ne, da hannunka ka yi! Ka so haure, ka manta da mai hauren. Rogo cika ciki ne kawai. Bitamin B ya rasa, shi ke riƙe jijiya da ƙafa."

"A ina ake samunsa?"

"Wani a allurata, wani a bayan ɗakinka."

Ta yi wa aladen allura, ta sa a riƙa ba shi ganyen dankalin da Tari ya shuka a bayan ɗakinsa, da dafaffen kifi da yis na burodi. Kullum sai ta hau tudun nan, ta zura zane a ƙarƙashin cikinsa, ta ɗaga shi ya taka.

Ranar sulhu, jama'a, alade ya shigo da ƙafarsa, yana gurnani, yana yanga! Mata suka ɓarke da guɗa. Dattijon Vuti ya shafa haure, ya rungume Tari, su biyun suna hawaye.

Estella, uwar garke, mun gode. Ke ce kika duba kwanon abinci a ranar da kowa ke duban maƙwabci. Ku matasan da za ku gaje ta, ku hau tudu yadda ta hau, ku tambayi abin da dabba ke ci kafin a zargi kowa. Da aladen nan ya mutu, ba shi kaɗai za mu binne ba.