Bahar ɗin da ya ƙwace mini Inna

Jiya ƙanwata ta dawo daga Bor Sudan, tana ta labarin bahar, wato teku, ni kuwa na tashi na shige ɗaki, don Innarmu ta faɗo mini a rai.

Tun da gwiwoyinta suka fara ciwo, ni ke ɗumama mata ruwa da gishiri kowace la'asar. Ta tsoma ƙafa, ta ce, "Ke ɗiyar nan, dafa ni za ki yi?" Kullum sai ta kushe, amma ba ta yarda wani ya haɗa mata.

Da yaƙi ya matso yankinmu na Sinnar, ƙanwar tawa ta tafi da ita Bor Sudan, na tsaya da yara a Abu Na'ama. Garin da suka je ya cika da 'yan gudun hijira, ana kwana a makarantu, ruwan sha sai an bi layi da jarka. Amma da na samu Inna a waya, dariya take: "Ruwan bahar ɗin nan ɗumi gare shi, ki yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba. Ga gishirinsa a ciki, ba itace ba hayaƙi. Ya fi ki iyawa."

Na taya ta dariya, na kashe wayar, na yi kuka. Can ta rasu, kuma ba ni na yi mata wanka ba.

Allah ya haskaka makwancinki, Inna. In ya haɗa mu a Aljanna, ya bar mini hidimarki ni kaɗai.