Gwiwar Taubashina

Shekarar da ruwan damina ya yanke hanyar mota kusa da Kankiya, ana gama kai hatsi rumbu saƙo ya iso wa mai garinmu na Dudunni cewa Bature yana son mutane. Kowane gida zai ba da namiji ɗaya. A gidanmu ni aka nuna, don babana ya manyanta. A gidan kawuna aka nuna ɗansa, taubashina, wanda muka tashi tare tun muna kiwon awaki.

Ni siriri ne a lokacin, kamar karan dawa. Shi kuwa gajere ne kakkaura, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya, kuma a kokawar kaka ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba tun daga Dudunni har Kusada. Da yake wasan taubasai ne tsakaninmu, bai taɓa kirana da sunana ba. A hanya ya karɓe ƙunshin garina ya haɗa da nasa, ya ce, "Kawo nan, bawana, kada iska ta ɗauke ka da kayan, in rasa abin da zan gaya wa gwaggo."

Aikin da muka tarar shi ne dakon marmara. Akwai wani rami mai zurfi nesa kaɗan da hanya, wasu suna saran marmara da diga a cikinsa, mu kuma mu cika kwando, mu haura gangare, mu kai inda ruwa ya cinye mu zuba, mu dawo. Mai tsaronmu wani helma ne, wato shugaban lebura, tsohon soja, dogo, kullum da dorina a hannu. Tun ranar farko ya nuna mana ko shi wane ne. Wani mutumin Kunduru ya sauke kwandonsa a tsakiyar gangare don ya gyara ɗaurin wando. Helma ya zuba mashi dorina a fuska. Leɓensa ya tsage, jini ya wanke mashi gemu. Mutumin ya sunkuya zai ɗauki kwandon, helma ya ƙara mashi a gadon baya, har rigar ta rabe biyu. Muka wuce ta gefensa, kowa idonsa a ƙasa.

Kafin la'asar ta ranar na san ba zan kai labari ba. Wuyana ya sage, gwiwoyina suna kakkarwa, ƙuguna kamar an soka mani tsinke. Da aka tashi aiki na zube gindin wata tsamiya, ko garin ban iya damawa ba.

A nan wani dattijo ya same ni. Shi ma daga Kunduru yake, ya zo ne a madadin ɗansa da ke kwance ba lafiya. Furfura ta rufe mashi kai, amma yini guda ina ganinsa yana hawa yana sauka, numfashinsa bai canja ba. Ashe da ƙuruciyarsa ya bi fatake, ya yi dakon goro tun daga Gwanja. Baba muke ce mashi.

Ya ɗauki gammona ya jujjuya, ya jefar. "Wannan ba gammo ba ne, yaro, tsumma ne. Kuma na ga yadda kake ɗaukar kaya. Sunkuyawa kake kamar mai tsintar gyaɗa. In ka ci gaba haka, ƙugunka ba zai ga damina ba."

Ya naɗa mani sabon gammo mai kauri. Ya sa na tsuguna gaban wani dutse, bayana a miƙe, na jawo dutsen jikina, na tashi da ƙarfin cinya. Ya sa na maimaita har na gaji. Ya ce in na hau gangare in riƙa gajeren taku, in zan sauka in karkace in sauka a gicciye, kada in ƙame gwiwa, kada in yi tsalle ko da kwandon ba komai a ciki. Da safe, kafin a buga ƙarfen fara aiki, yakan tashe ni mu zagaya sansanin har jiki ya ɗumama, mu murza idon sawu da gwiwa da ɗan man kaɗe da yake ɓoye a kwankon taba. Ya san masu loda kwando, ya roƙe su su riƙa rage mani kaɗan, su riƙa ƙarawa a hankali.

"Nama yana da saurin girma," in ji shi. "Gaɓa ce mai nawa. In nama ya riga ta, shi zai karya ta."

Na kai wa taubashina wannan magana. Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai da tsohonka ku yi ta shafa mai kamar amare. Ni aiki na zo yi in koma gida."

Shi a tunaninsa in aka yi sauri za a sallame mu da wuri. Yakan sa a tula mashi marmara har tana zuba, ya haura da gudu, ya dawo yana dirowa cikin rami daga baki. Helma ya gani, ya ji daɗi, ya mai da shi ma'auni. Duk wanda taubashina ya wuce a gangare, dorina ta sauka a kansa. "Ga ɗan'uwanku can! Shi ba mutum ba ne?" Mutane suka fara shan duka saboda shi, suka tsane shi.

Wata rana da azahar, an ba mu hutun salla, mutumin nan da aka tsaga wa leɓe ya tare shi a bakin rijiya tare da 'yan garinsu biyu. Ya ce mashi, "Kai ɗan Dudunni, ka rage gudu. Fatar bayanmu kake sayarwa." Taubashina ya ce wanda ba zai iya ba ya koma ya ɗaura zane. Kafin ya rufe baki sun rufe shi. Ya sunkuci na farko ya maka shi da bakin rijiya, haƙoran mutumin na gaba suka zube. Na biyu ya riƙe mashi ƙugu ta baya, taubashina ya yi mashi karo da ƙeya, hancin mutumin ya fashe. Na ukun ya ɗauko ƙotar shebur ya sauke mashi a ka, sannan ya ƙara mashi a gefen gwiwar dama. Sai da Baba ya shiga tsakani yana salati aka raba su. Helma yana zaune a inuwa yana cin goro, yana kallo, bai motsa ba.

Da yamma na ga gwiwar ta kumbura kamar ƙoƙo. Baba ya lallatsa ta, ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ka bi ta sannu. Gobe ka ɗauki rabi, ka bi bayana. In dukan ne mu sha tare." Taubashina ya ɗaure ta da igiyar rama tamau, ya ce kada wanda ya gaya wa helma. Ya fi jin kunyar a ce 'yan Kunduru sun rage mashi gudu da ya ji ciwon.

Ni kuwa a wannan tsakanin jikina ya fara karɓar aikin. Ban yi ƙiba ba, amma kakkarwar ta tafi, ina yini ina hawa ina sauka, in kwanta in tashi garau. Kwandona ya kai na kowa ban ma lura ba.

Ranar da abin ya faru ina bayan taubashina. Ya sauke kaya, yana dawowa, helma ya daka mashi tsawa cewa yau ya zama mace. Sai ya diro cikin ramin kamar yadda ya saba. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙafar ta lanƙwashe gefe, inda ƙafa ba ta zuwa. Mutumin da ban taɓa jin ya yi kuka ba ya kwantsama ihu yana kiran innarsa.

Helma ya sauko. Ya ce ƙarya yake, ya tashi. Ya zuba mashi dorina a kafaɗa, ya ƙara, ya ƙara. Taubashina ya yunƙura, ya faɗi. Sai helma ya sa takalminsa na soja ya shuri gwiwar.

Ban san lokacin da na jefar da kwandona ba. Na tsaya tsakaninsu na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafarsa ta karye, ka duba." Amsar da na samu dorina ce a kunnen hagu. Har yau kunnen nan ba ya ji sosai. Da ya sake ɗagawa na cafke dorinar, na naɗe ta a hannuna.

Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya naushe ni a baki, ya naushe ni a ido, ya kama wuyana yana jijjigawa. Ni ban iya naushi ba, ban iya kokawa ba. Abin da na iya shi ne in sassauta gwiwa, in kafa ƙafa, in riƙe kaya. Na rungume ƙugunsa na manna kaina a ƙirjinsa, na ƙi saki. Ya ja ni nan, ya ja ni can, yana dukan haƙarƙarina da gwiwar hannu, marmara tana yanka mana ƙafa. Mutane sun cika bakin rami. Can na fara jin ƙirjinsa yana huci kamar zugazugi, dukan yana rage nauyi. Shi aikinsa tsayuwa a inuwa ne, ni kuwa hawan gangare. Da na ji ƙafarsa ta yi laushi, na tsuguna, na ɗaga shi da ƙarfin cinya kamar yadda nake ɗaga kwando, na sake shi a kan tsibin marmara. Kansa ya bugu da dutse. Ya kwanta ba motsi, jini yana fita ta kunnensa.

Bai mutu ba. Da ya mutu, da ba ni ke ba da wannan labari ba. 'Yan doka suka zo daga cikin gari, suka ɗaure ni a jikin tsamiyar nan, hannuwana sun rungume ta, suka tuɓe mani riga. Aka tara ma'aikata duka su kalla. Biyu ne suke karɓeɓeniya, wannan ya gaji ya ba wancan. Da farko ina jin kowace bulala, daga baya sai na riƙa jin sautin kawai, da ɗumin jini yana gangarowa cikin wandona. Na cije ɓawon tsamiya har ya cika mani baki. Da suka kwance ni na zame ƙasa, wani ya watsa mani ruwa.

Da na farfaɗo, Baba yana kan ƙafar taubashina. Mutum biyu sun danne shi, ɗaya daga cikinsu mai tsagaggen leɓen nan ne. Baba ya ja ƙafar har ta koma daidai, taubashina ya suma, Baba ya jera kara ya ɗaure da rawaninsa. Ya dube ni ya ce, "Da ƙashi ne ya karye, da na yi murna. Jijiya ce ta tsinke. Za ya taka, amma ba kamar da ba." Sannan ya wanke mani baya da ruwan ɗumi da gishiri.

Bayan 'yan kwanaki aka ce ni da taubashina mu tafi, ba mu da sauran amfani, mai garinmu zai aiko da wasu. Ba jaki, ba kowa. Ba zan iya goya shi ba saboda bayana, sai Baba ya ɗora mani shi a wuya, ƙafa mai lafiya tana reto, mai ɗorin na tallabe ta da hannu. Ya raka mu har bayan gari, ya ce, "Gajeren taku. Ka huta tun ba ka gaji ba. Allah shi kai ku lahiya." Ya juya ya koma ramin. Ban sake ganinsa ba.

Haka muka kama hanyar Kusada, daga inuwa zuwa inuwa. In na kai bishiya in tsuguna in jingina shi, in sha ruwa kaɗan, in sake ɗauka. Mikin bayana ya buɗe, riga ta manne. Tafiya ta yi nisa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bawana, ina da nauyi ko?" Na ce, "Ka fi marmara surutu dai." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, hawayensa suna ɗiga a kaina. Sai wajen la'asar muka haɗu da masu jakai suna komawa daga kasuwa, suka tausaya suka ɗora shi.

Ya yi watanni a kwance. Ƙafar ta warke a sandare, ba ta sake lanƙwasawa ba. Ranar kokawar kaka ta shekara mai zuwa, da ya ji an fara kiɗa, ya shiga ɗaki ya ja asabari. Daga baya ya koyi tufkar igiya da saƙar faifai da tabarma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, hannuwansa suka ciyar da su. A masallacinmu yakan tsaya a ƙarshen sahu saboda ƙafar da yake miƙewa in an yi sujada, ni kuma in tsaya kusa da shi. In liman ya yi kabbarar tashi sai ya dafa kafaɗata ya miƙe. Haka muka yi ta yi har shekarar da ya rasu.