Ticha Yakubu da Tambayar Alhaji Sani

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar aminina Ticha Yakubu. Gida ɗaya muka yi haya a unguwar Alabar, cikin zango, mazaunin baƙi 'yan arewa, ni tela Musulmi, shi Kirista mai koyar da kimiyya a makarantar boko.

A shekarar 1969, da labari ya bazu cewa mutum ya taka wata, zango ya rabu biyu. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce saɓo ne. Ana cikin haka Yakubu ya fara koya wa ɗalibansa yadda abu mai nauyi ke tashi sama. Yakan fita da su su kalli angulayen kasuwa suna shawagi ba su kaɗa fiffike ba, ya nuna musu yadda iska ke tallafe fiffike idan ta ratsa shi da gudu. Yakan ce addininsa ya koya masa cewa duban tsuntsu da kyau ma yabon Mahalicci ne.

Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, har aikinsa ya kusa salwanta. Alhaji Sani mai goro ya zo gidanmu da kansa don ya cire 'yarsa Rabi daga ajin Yakubu. Yakubu ya shimfiɗa masa tabarma.

"Alhaji, a me ka je Makka?"

"A jirgi."

"Wa ya riƙe shi a sama?"

"Allah mana."

"Ni ma haka nake gaya musu. Sai dai ina ƙara nuna musu abin da Ya riƙe shi da shi."

Alhaji ya ce Rabi ta ci gaba da zuwa. Magana mai daɗi ke jawo goro a mizani. Kafin tsakiyar 1970 ajin ya sake cika.

Yau jikokina suna kallon duniya ta waya a tafin hannunsu, jirgi ya wuce ba mai ɗaga kai. Nakan ce da Yakubu na nan, da ya yi murna da wayar, amma da ya kora su waje su dubi sama.

Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma Rabi ta koyar da kimiyya a garin Tafo har ta yi ritaya, ɗalibanta kuma suna koyarwa yanzu. Bara na tambaye ta me ta fi riƙewa daga gare shi. Ta ce, "Baba, bai taɓa sa ni jin tsoron tambaya ba."