Baba Lasau da Makullin Ɗakin Duwatsu

Kafin masu shara su iso, Baba Lasau ya riga ya buɗe ɗakin duwatsu na sashen nazarin ƙasa a jami'a. Sai ya rataye hula a ƙusa, ya zuba wa injin yanka dutse ruwa, ya ɗauko dutse ya yi ta guga har ya koma kamar ɓawon albasa, haske na ratsa shi, sannan ya manna a gilashi don ɗalibai su duba cikinsa. Aikin nan ya cinye masa zanen yatsu, ya ranƙwafar da bayansa, ƙarar inji kuma ta tafi da kunnensa na hagu.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Lasau. Duk dutsen da aka miƙo masa, baki yake fara kai shi, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi nuna launinsa da ƙwayoyinsa. Sababbin shiga kan yamutse fuska, shi kuwa ya ce, "Lasa mana, 'yata, ba zai cije ki ba." Ko a gida bai tsira ba. Uwargidansa takan ce, "Malam, miyata kullum ba gishiri, amma dutsen bakin hanya bai taɓa yi maka laifi ba."

Baba Lasau, kai ne wanda da bel ɗin inji ya tsinke, aka ce a jira kasafin kuɗi, ka yanko tsohuwar taya ka ɗaura aka ci gaba da darasi. Kai ne mai bin ofisoshin masu haƙar rijiyar burtsatse da na ma'adinai, kana roƙa wa 'ya'yan wasu gurbin koyon aiki, ana shanya ka a benci har la'asar. Guga maci dutse, ba ka taɓa cewa ka gaji ba, amma mun gani a tafiyarka.

Abin da ya gajiyar da shi ba injin ba ne. Aji ne da ya yi ta raguwa. Kamfanoni yanzu masu karanta hoton tauraron ɗan Adam a kwamfuta suke nema, su ma kwangila ce ta ɗan lokaci. Yaran da ya koya wa riƙon guduma, wasu suna banki, wasu suna sayar da waya. Bai ga laifinsu ba. "Ai ba dutsen za su dafa ba," in ji shi. Ga ritaya ta zo, ya tambayi shugaban sashe wa zai bar wa makulli. Aka ce masa, "Baba, an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Sai dai a rufe ɗakin." Ranar ko abinci bai iya ci ba.

A walimar sallama, tsofaffin ɗalibansa suka cika ɗakin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba kowa guntun dutse na tunawa. Wani ma'aikacin banki, da kwat ɗinsa da komai, bai ankara ba ya kai nasa baki. Aka tuntsire da dariya, sai ga shi rabin ɗakin sun riga sun lasa. Baba ya juya yana goge ido da hannun riga.

Da dariya ta lafa, ya ɗaga makullin. "To, wannan fa?"

Sai wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aikin haƙar rijiyoyi, ita kaɗai ce a ajinsu ta tsaya a sana'ar, ta miƙo hannu. "Kawo, Baba. Ba aiki suka ba ni ba, amma zan riƙa zuwa ran Asabar in kunna injin, kada ya yi tsatsa."

Mun gode, Baba Lasau, Allah Ya ba ka hutu da lafiya. Sauranmu mu yi koyi da kai. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah ku leƙa ɗakin nan: injin yana jiran mai kunna shi ranar Litinin, ba Asabar kaɗai ba.