Kadiri da Tulin Kashin Ƙarfe

Ranar da ruwan fari ya sauka a shekarar nan, hadari ya taso daga gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin, iska tana kwasar ledoji tana maka su ga wayoyin lantarki. Ina cikin rufe rumfata ta facin taya, bakin hanyar da ta nufi Garou, sai na hangi Kadiri bisa tulin duwatsun kamfani, shi kaɗai. Ya take bakin tamfol da ƙafa, shina jan igiya da haƙori. Lokacin shekarunshi sun haura sittin.

Kadiri mutumin Garou ne, ɗan manoman albasa. Gulbi ya cinye gonarsu ta gado a wata ambaliya, sai ya dawo Malanville ya zama mai ajiya. Ba ya da rumfa, ba ya da jari. Amana kaɗai gare shi, kuma ita ke ciyar da shi da matarshi da ɗiyarshi Rauda. 'Yan kasuwar Gaya da na Kamba sukan bar mishi buhunansu su haye gada, su dawo bayan kasuwa biyu ko uku su iske kayansu yadda sunka bar su. Albasa ba ta ruɓewa a hannunshi. Yakan ce ɓarawo buhu ɗaya shike ɗauka, ruwa kuwa rumbu shike ɗauka gaba ɗaya.

Da wani kamfani ya zo zuba kwalta ga guntun hanyar da ke gaban rumfata, sunka nemi mai gadi, kowa ya ce Kadiri. Tsakuwa tana da tsada a wajenmu, daga nesa ake kawo ta. Su sai sunka zo da wata dabara. Kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, sunka riƙa juye wani baƙin dutse mai nauyi, mai kaifi, mai 'yan huji kamar soso. Anka ce kashin ƙarfe ne, dattin da ke fita in an narka ƙarfe a masana'anta can kudu, an farfasa shi don a cuɗa da kwalta maimakon tsakuwa. Maƙeranmu sunka zo sunka jujjuya shi a hannu, sunka ce lalle ɗan'uwan kashin tama ne.

Da damina ta matso, aiki ya tsaya. Shef ɗin shantiye, wato shugaban aikin hanyar, wani mutumin kudu, ya kira Kadiri. Issufu, wani lebura Bazabarme da ke jin Faransanci, shi ya yi musu tafinta.

"Ya ce za su tahi sai bayan ruwa. Ya ce ka kula da tulin nan, kada kowa ya taɓa shi."

"Ce mishi ya tahi da kwanciyar rai," in ji Kadiri.

Iyakar maganar ke nan. Ina wurin.

Ga Kadiri, kula da kaya a damina abu ɗaya ne: kada ruwa ya gan su. Haka ya tashi ya iske ubanshi na yi. Ya bi direbobi a tasha ya aro tsoffin tamfol. Ya bi gidaje ya aro zana, har wajen Diza, wata bazawara mai tuyar ƙosai, wadda ɗanta Jabiru ke aikin zemi, wato kabu-kabu da babur. Ya haƙa lambatu ya kewaye tulin, ya danne gefuna da duwatsu. In iska ta yaye wani gefe, kafin ruwa ya sauka ya hau ya gyara.

Direbobi na yi mishi ba'a.

"Baba Kadiri, amarya ka samu ne kake lulluɓe ta haka?"

"Amaryar ta fi uwarka nauyi."

"To dutse ne fa, tsoho. Dutse na jin sanyi?"

"Kai da ba a taɓa ba ka ajiyar ko akuya ba, mi ka sani?"

Ni ma na kama mishi igiya ba sau ɗaya ba. Mu duka haka munka ɗauka daidai ne.

Da ruwa ya ɗauke, masu tamfol sunka nemi abinsu, ya kwashe ya mayar wa kowa, ya share wurin. Shef ya dawo ya iske tuli a buɗe, cikakke, ya yaba mishi. Anka cuɗa, anka shimfiɗa, anka bi da injin dannewa. Hanya ta fito sumul, baƙa wuluk, tana riƙe taya. Rani guda masu faci irina munka ji a jikinmu.

Damina ta gaba ce ta tona. Da farko ƙuraje sunka fito ga kwaltar, ƙanana, kamar jikin mai ƙyanda. Sannan ta fara kumbura wuri-wuri, tana tsagewa ta tsakiya kamar gurasa. Ruwa na shiga tsagar, tana ƙara tashi. Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, Jabiru ya ɗauko buhun shinkafa daga Garou, yayyafi na sauka. Tayarshi ta gaba ta hau tudun, ta faɗa tsaga, ya kife gaban wata kamiyo. Kafin a kai shi likita ya cika.

Bayan sadakar bakwai wata injiniya ta zo daga Parakou, mace mai sanyin magana, tana jin Hausa kaɗan. Ta zauna ƙarƙashin itacen bedi, bakin rumfata, da shef da mutanen unguwa. Ta ce abin na ba ta mamaki. Wannan dutse, in ji ta, akwai farar ƙasa a cikinshi da ke kumbura in ta sha ruwa. Shi ya sa ake zube shi a fili damina guda, ruwa ya doke shi, ya gama kumburinshi kafin a sa shi a hanya. Amma da Faransanci ta fara faɗin wannan, ga shef. Mu abin da munka ji daga Issufu shi ne ana neman inda aiki ya ɓaci, ko wajen cuɗi, ko wajen ajiya.

Kadiri ya miƙe. Ya gyara hularshi.

"Ranki ya daɗe, ku duba wani wuri. Wajen ajiya babu aibi. Ɗigo ɗaya bai taɓa dutsen nan ba, damina duka. Ga shaidu nan zaune."

Ta dube shi. Sannan ta yi mishi bayanin da Hausarta, a hankali, kalma-kalma. Na ga sanda ya gane. Bai zauna ba, bai kuma ce ba a faɗa mishi ba, ko da yake gaskiyar ke nan.

Jandarma sun riƙe shi kwana kaɗan sunka sake shi, don babu dokar da ta hana rufe dutse. Kamfani ya kankare guntun hanyar, ya zuba jar ƙasa, ya naɗe kayanshi ya tafi. Shef ya koma kudu. Wanda ya rage a gari, ana ganinshi kullum, Kadiri ne.

Diza ta same shi bakin masallaci. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Kadiri, zanata tana cikin waɗanda ka shimfiɗa?"

"Tana ciki, Diza."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Ba ta ƙara yi mishi magana ba har ta rasu.

Babu wanda ya kira shi ɓarawo. Amma 'yan kasuwa sunka fara kai buhunansu wani wuri, ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi da kunya. Wasu na cewa hannunshi ya yi ɗaci. Wani ɗan kasuwar Gaya da sunka daɗe tare ya kawo mishi albasa duk da haka. Kadiri ya ce mishi ya kai gaba, shi yanzu bai san yadda ake kula da kayan mutane ba.

Matarshi ta rasu bayan shekaru kaɗan. Yanzu shina Garou, gidan mijin Rauda. Idonshi ɗaya ya mutu, ba ya fita sai masallaci, kuma bai sake karɓar ajiyar kowa ba.